Mu Ma Muna da Tsibirinmu: Yadda Munka Shirya Tafiya Tafkin Madarumfa

 

Tun da labari ya bazu cewa matan ƙungiyarmu ta nan Gidan Rumji sun ɗauki mota sun tafi Madarumfa kallon ruwa, salulata ba ta huta ba. An kira daga Agye, an kira daga Gazawa, har da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Tambayoyin kuma ba su wuce uku ba: nawa kunka kashe, ina kunka samu kuɗin, kuma yaya kunka yi da masu gida? Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta ma sauran ranar zubi.

Abin daga hoto ya faro. Wata ranar zubi, bayan an rufe akwati, ƙaramar cikinmu ta fiddo salula tana nuna mana wani tsibiri da ake kira Jarba, a ƙasar Tunusiya, cikin tekun Bahar Rum. Ruwa shuɗi kamar an zuba mai shuni, gidaje farare tas. Ta ce Turawa suna tashi daga aiki ranar Juma'a su hau jirgi su je can, ran Litinin kuma suna bakin aikinsu. Wata ta ce, "Su je su yi mi? Biki anka yi ko rasuwa?" Ta ce, "Babu ko ɗaya, Yaya, hutu ne kawai." Munka yi ta dariya.

Iya, tsohuwar cikinmu, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wanga ruwa da kuke yabo, ai shi ne ke cinye ɗiyan mutane masu ƙetarawa daga Libiya." Kowa ya yi tsit, don gaskiya ta faɗa. Can sai ta ƙara da cewa, "In tsibiri kuke so, ga Tsibiri nan bisa hanyar Maradi, mu ma muna da namu. In ruwa kuke so, ga Madarumfa. Ni shekaruna sun haura sittin, ban taɓa sa shi ga ido ba."

Nan take na ce wadda ta taɓa ganin tafkin ta ɗaga hannu. Cikin mu 28, hannu huɗu na ƙirga. Wuri ne da mota ke kai mutum kafin a gama dafa tuwo da miya, amma mata 24 ba su san shi ba. Da na koma gida na yi ta juya abin a raina. Mace a ƙasarmu ba ta fita gari sai da dalili mai nauyi: biki, gaisuwar rasuwa, kai marar lafiya likita, ko neman abin da za a ci in shekara ta yi tsanani. Duk tafiyar da muka sani, ko dai da kaya bisa kai ko da damuwa cikin zuciya. Tafiyar da za ki je don ki ga ikon Allah ki dawo, ba mu gaje ta ba.

Maganar kuɗi

Mako na gaba da munka tada zancen, wasu sunka ce a ciro daga akwati, in an fasa asusu a cire daga rabon kowa. Ma'ajiyarmu ta ce atafau. Ni ma na goya mata baya, kuma ina roƙon kowace ƙungiya ta riƙe wannan. Tsarin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta faro a nan jihar Maradi a shekarar 1991, har ya bazu ƙasashe da dama na duniya, ya tsaya ne bisa abu ɗaya: kowace ta yarda cewa kuɗinta na nan, kuma ranar da ta buƙaci bashi za ta samu. In an kwashi kuɗin akwati an kai ma direba, gobe wata ta zo neman jarin ƙuli-ƙuli ko kuɗin magani a ce babu, to ƙungiya ta fara mutuwa. Kuɗin taimako ma, wanda muke ajewa don haihuwa da rashin lafiya da gobara, ba a taɓa shi ba.

Sai munka buɗe zubi na daban, munka sa mai suna kuɗin tafiya. Ba dole. Wadda ke so ta shiga, wadda ba ta so babu mai yi mata gori. Mata 18 sunka shiga. Kowace tana zuba dala 40, wato sefa 200, duk mako, bayan ta gama zubinta na ƙa'ida. Wadda ba ta cika na ƙa'ida ba, ba a karɓar na tafiya daga hannunta ranar nan. Munka yi mako 30. Kowace ta tara jika 6, gaba ɗaya jika 108. An samu gwangwani na daban da littafi na daban, kuma wadda ke riƙe da shi ba ta cikin masu makullin akwati.

Ga yadda munka raba: mota da mai na kwana biyu jika 70; jirgin ruwa jika 8; kifi da itace da kayan miya jika 12; tukuicin masaukin baƙi jika 5; jika 13 kuma munka ƙulle ga haɓar zane don ko-ta-kwana. Wannan lissafinmu ne na lokacin. Kuɗin mai yana hawa yana sauka, ku je tasha da kanku ku yi ciniki. Abinci daga gida munka ɗauka: kowace tiya guda ta hatsi, aka yi fura da dambu, ga garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji.

Mun kuma yi doka tun farko: wadda ta fasa tafiya saboda rashin lafiya ko rasuwa, a maida mata kuɗinta duka. Wadda ta fasa haka kawai bayan an ba direba kafin alƙalami, a cire rabonta na mota. Dokar da anka yi kafin rigima ita ke kashe rigima.

Lokaci

Damina ba ta tafiya ba ce, kowa na gona, hanyoyin kwari kuma sun jiƙe. Bazara zafi ya yi yawa, ruwan tafki ya ja baya, rumbu kuma ya fara haske. Mun zaɓi lokacin ɗari, bayan an gama kai amfanin gona gida, kafin azumi. Lokacin tafki na da ruwa, rana ba ta da zafi, aljihu ma da ɗan nauyi.

Ma'aikata Asabar da Lahadi ne hutunsu. Mu kuwa yawancinmu ran Lahadi muke cin kasuwa, mai tuyar ƙosai ba za ta bar kaskonta ba. Saboda haka namu ƙarshen makon ya zama Juma'a da Asabar: mu tashi Juma'a da safe, mu kwana Maradi, Asabar mu wuni bakin ruwa, magariba ta same mu gida.

Masu gida da abin da ake bari a baya

Wannan ya fi tara kuɗin wuya. Ba mu bari kowace ta je ta yi fama ita kaɗai ba. Ni da Iya da magatakardarmu munka bi gida gida, wata biyu kafin tafiyar, munka gaida masu gida, munka yi masu bayani: ga motar, ga direban, ga gidan da za a kwana, ga lokacin dawowa, kuma ko dala ba za ta fito daga aljihunsu ba. Wani ya ce, "Iya, ruwa ne ba ku taɓa gani ba? Ga randa nan." Iya ta ce, "Ɗana, kai ka je Agadas, ka je Legas, ka dawo kana ba mu labari muna saurare. Bari ita ma ta samu labarin da za ta ba ka." Ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye hanya. Mutum biyu sun ƙi. Ba mu ja da su ba, an maida ma matansu kuɗinsu, wasu biyu sunka biya sunka maye gurbin. Tafiyar kwana ɗaya ba ta kai a tada hankalin gida ba. Mun kuma tafi da dattijo guda, mijin ɗaya daga cikinmu, wanda ya zauna gaba kusa da direba. Wannan ya kwantar da hankalin maza da yawa.

Sai dabbobi da yara. Kusan kowace cikinmu tana da rago ko akuya ta kiwo, kuma bisa ba ta san hutu ba. Mata goman da ba su tafi ba su sunka raba gidajen tsakaninsu: ba da dussa, ban ruwa, leƙa yara. Mun yi masu alkawarin kifi, kuma mun cika. Goyo kaɗai anka yarda a tafi da shi. Yaro mai gudu, bakin ruwa ba wurinsa ba ne in uwa tana hira.

Tsaro da takardu

Ba sai na ɓoye maku ba, kun san halin da bakin iyaka ke ciki. Tun 2019 muke karɓar ƴan uwanmu da sunka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, kuma ƙauyukan iyaka na gundumarmu da ta Madarumfa sun ɗanɗana satar shanu da satar mutane. Shi ya sa ba mu kwana bakin tafki ba, ba mu yi tafiyar dare ba, ba mu kuma ratse daga babbar hanya ba. Kwana uku kafin mu tashi, na kira shugabar wata ƙungiya ta can na tambaye ta yadda gari yake, na sake kira ranar Alhamis da dare. Da ta ce a dakata, da mun dakata. Mun sanar da mai unguwa, mun bar mai sunayenmu da lambar direba. Kowace ta ɗauki katin ɗan ƙasa. Ku binciki wannan tun da wuri: mata uku cikinmu nasu ya daina aiki ba su sani ba, sai da munka duba wata guda kafin tafiya sannan sunka sabunta.

Hanya

Direba ya ce ƙarfe 7, bai zo ba sai 9 saura. Da ya zo kuma ya ce mai ya tashi, a ƙara jika 10. Magatakardarmu ta fiddo takardar da ya sa ma hannu gaban shaidu biyu a tasha, ta karanta mai da ƙarfi. Ya sosa ƙeya ya tada mota. Ranar na ƙara gode ma Allah da karatun yaƙi da jahilci. Kada ku yi ciniki da baki kawai.

Daga Gidan Rumji zuwa Maradi ya ɗan haura kilomita 50, kwalta ce duka. Kafin Maradi munka tsaya Tsibiri. Sau nawa muke wucewa ta nan ba mu taɓa sauka ba? Nan ne gidan sarautar Gobir tun wajen 1836, lokacin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa garin bayan yaƙin Gawakuke. Manya suna cewa sunan ya samo asali ne daga tsohon mazaunin garin a cikin kwarin gulbi, inda ruwa ke kewaye shi. Mun tsaya ƙofar fada mun kalla, mun yi gaisuwa. Iya ta tuna mana cewa a wannan gida akwai sarautar Inna, sarautar mace, wadda tun kaka da kakanni take da faɗa a ji cikin sha'anin Gobir, kamar yadda Maradi ke da Iya. Ta juya ta ce ma ƙaramarmu, "To ga tsibirin, ki ɗauki hoto ki aika ma Turawan."

Maradi Juma'a ranar kasuwa ce, kuma nan munka yi babban kuskurenmu. Mun ce awa ɗaya, sai da munka yi uku. Wasu sun kashe ɗan guzirinsu na kansu kaf wajen atamfa da kwanoni da zogalar Jiratawa, washegari ko kifi ɗaya na tsaraba ba su iya saye ba. In kun tashi taku tafiyar, ku bar kasuwa sai kan hanyar dawowa, ko kowace ta damƙa ma ma'ajiya kuɗin tsarabarta tun daga gida.

Mun kwana gidan yayar ɗaya daga cikinmu, tsakar gida, kowace da tabarmarta da bargonta da sangenta. Mai gidan, tsoho ne, ya ba mu labarin yadda tsohuwar Maradi take can ƙasa cikin kwari, har ambaliyar 1945 ta cinye ta, anka maido gari bisa tudu. Rabona da kwana ba tare da tunanin wa zai tashi ya hura wuta ba, na manta.

Bakin ruwa

Asabar bayan asuba munka kama hanyar kudu. Tafiyar ba ta fi kilomita 20 da ɗoriya ba. Hanya na bin gefen kwari, ga lambuna kore shar a tsakiyar rani. Da motar ta tsaya munka hango ruwan, babu wadda ta yi magana. Mun saba da gulbi mai zuwa da damina ya wuce, da tabkunan da ke ƙafewa kafin bazara. Wannan kuwa ruwa ne shimfiɗe, iska na kaɗa shi, masunta can tsakiya sun zama ƙanana kamar ƙudaje. Iya ta zauna ƙasa ta ce, "Subhanallahi. Ashe yana nan duk shekarun nan."

Matan ƙungiyar can sun tarbe mu, sunka haɗa mu da wani ma'aikacin ruwa da daji. Shi ya yi mana bayanin da ya fi tsaya mani a rai. Gulbin Gabi ne ke zuba cikin tafkin, Gulbin Maradi ma in ya cika yana ba shi ruwa. Shi kuwa Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Madarumfa da Maradi da Tsibiri, ya zo nan Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Wato ruwan da muke jira duk damina a fadamarmu, ta nan yake biyowa. In an tare shi can sama, ko yashi ya cike hanyarsa, mu ma a tukunyarmu za mu gani. Masunta sun ce yashi na cin tafkin a hankali, inda iyayensu ke tura jirgi da gora mai tsawo yanzu wani wurin yaro na takawa. Itacen da ake sarewa bisa tudu, ƙasarsa cikin ruwan nan take ƙarewa.

Ga tsuntsaye kuma: balbela, kirinjijiya, da wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu suna tsince-tsince a bakin taɓo. Ma'aikacin ya ce wasu cikinsu baƙi ne, daga Turai suke tasowa in sanyi ya kama can, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamada, su zo irin waɗannan ruwaye namu su yi watanni. Ƙaramarmu ta ce, "To mu muna kallon hoton ƙasarsu, su kuma tsuntsayensu nan suke zuwa hutu!"

Jirgi mun shiga, amma shida shida, ba kaya, ba tsayuwa, ba goyo, kuma kusa da gaɓa. Babu wadda ta iya iyo cikinmu. Mata biyar sun ce su daga tudu za su kalla, babu wadda ta matsa masu. Wanka kuma mun hana, ko wasa da ƙafa cikin ruwa, saboda tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda katantanwa ke zama. Ruwan sha da na alwala daga Maradi munka ɗebo cikin jarka. Biyu munka ɗauka, ba su isa ba. Ku ɗauki huɗu.

Kushewun waliyai

Kewaye da tafkin akwai kushewun da ake kira na waliyai 99, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa. A shekarar 2006 Nijar ta miƙa ma hukumar UNESCO sunan tafkin da dajin da kushewun cikin wuraren da take son a sa su jerin kayan tarihi na duniya. Tun a gida wannan ya so ya raba mu. Wasu sun ce babban abin da zai kai su ke nan. Wasu sun ce malamansu sun hana, in da ziyara cikin shirin su sun fasa. Ni ba malama ba ce, kuma akwatinmu bai taɓa tambayar mace wane masallaci mijinta ke salla ba. Sai munka yanke cewa tafiyar ƙungiya ta tafki ce. Bayan azahar an ba da awa ɗaya: mai son ziyara ta tafi da ƴar rakiya, mai son zama ta zauna wajen gashin kifi. Bakwai sun je, sha ɗaya sun zauna, anka dawo anka ci abinci kwano ɗaya. Ku yi wannan magana tun a gida, kada ku bari sai cikin mota.

Abin da munka dawo da shi

Mun ci karfasa da tarwaɗa har munka ture. Matan can sun nuna mana yadda suke banda kifi ya daɗe bai lalace ba, mu kuma munka nuna masu yadda muke rubuta littafin bashi. Biyu cikinmu sun karɓi lambar wata mai banda, yanzu duk mako ana aiko masu kwali guda ta mota, suna saidawa ran kasuwa. Ba don wannan munka je ba, amma mun gode.

La'asar ta same mu a hanya, ana kiran magariba muna sauka. Cikin jika 13 na ko-ta-kwana, 3 kaɗai anka taɓa, wajen facin taya. Ranar zubi an ƙirga sauran jika 10 gaban kowa, anka yarda a bar su su zama tushen tafiya ta gaba. Mata goman da sunka tsare mana gida su ne farkon rubuta suna, kuma wannan karon mu za mu ba awakinsu dussa.

Ku na Agye da Gazawa, hanyarku ta fi tamu tsawo, sai ku ƙara makonnin zubi, ku kuma tashi da wuri. In Madarumfa ta yi maku nisa bana, ku duba kusa da ku, ba za a rasa wurin da kuke jin sunansa tun kuna yara ba ku taɓa takawa ba. In kun tsaida rana, ku aiko ta hannun mai kawo wannan takarda, in haɗa ku da matan can.

Iya kuwa, ran nan na same ta zaune da jikokinta tana zana masu gulbi da tsinke a ƙasa, tana nuna masu ga Jibiya, ga Madarumfa, ga mu nan. Ɗaya ya ce, "Iya, wa ya gaya maki?" Ta ce, "Ni na gani."

Allah ya ƙara mana dubara, ya tsare mana akwatunanmu, ya ba ƙasarmu lafiya. Amin.